Kawuna Yana Tsare Kan Kisan Mutumin Da Ke Kai Masa Tuwo

Zuwa ga Mai Girma Lauyan Gwamnati wanda fayil ɗin kawuna Yohanna yake kan teburinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ina neman gafara da ban rubuta sunanka ba. Na tambaya a kotu, aka ce in tambaya a caji ofis. Na tambaya a caji ofis, aka ce fayil ya tafi sama. Na tambayi ina ne sama, aka ce in yi haƙuri. Abin da na iya samu shi ne kai namiji ne kuma aiki ya yi maka yawa. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya gani ya miƙa maka.

Sunana Irimiya, daga Kafanchan. Bana na gama karatun shari'a a jami'a, amma ban je makarantar horar da lauyoyi ba tukuna. Saboda haka ni ba lauya ba ne, kuma ina roƙo kada a ce na yi sojan gona. Ban ambaci sunan kotu ko na wani ɗan sanda ko kwanan wata ba, domin magana tana gaban hukuma kuma ina tsoron a ce na raina kotu. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Ga damuwata a taƙaice. Kawu Yohanna, yayan mahaifiyata, manomin citta, yana tsare a gidan gyaran hali tun tsakiyar damina, bisa zargin ya kashe maƙwabcinsa Baba Markus. Baba Markus yana nan da ransa. Da safiyar yau na gan shi a ƙofar gidansa yana goge haƙori da asawaki. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambaye ni ko mamata ta tashi lafiya.

Na ɗaya: dangantakar mutanen nan biyu

Fayil ɗin ya ce akwai tsohuwar gaba tsakaninsu, kuma shaidu sun ji Kawu yana yi wa Baba Markus barazana. Shaidun ba su yi ƙarya ba. Ni ma na ji, tun ina goye.

Ranka ya daɗe, mutanenmu da mutanen su Baba Markus abokan wasa ne tun kakanni. A wurinmu abokin wasa ba a gaishe shi da ina kwana. Idan Kawu ya fito da safe ya ga Baba Markus, sai ya ce, "Kai, har yanzu ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "Ina jira in binne ka tukuna, in gaji mashin ɗinka." Daga nan su zauna kan benci ɗaya su sha kunu a kwano ɗaya. Babu wanda yake juyowa ya dube su, kamar yadda ba a juyowa don zakara ya yi cara.

Wasan yana da doka, kuma dokar ce ta kawo mu inda muke. Abokin wasa ba ya yabon ɗan'uwansa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi, kuma ba ya cewa "wasa nake yi" a gaban mutanen ɗaya ɓangaren. Wanda ya fara sassautowa ya jawo wa kabilarsa dariya har jikoki. Sannan idan baƙin ciki ya sauka a gidan ɗayansu, aikin abokin wasa ne ya shigo ya yi ta ɓarin baki har matan da ke kuka su yi dariya. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne. In bai yi ba ne za a ce bai san zumunci ba.

Na biyu: ranar da Baba Markus ya ɓace

Baba Markus yana da ciwon ƙaba, likita ya sa masa ranar tiyata. Matarsa, Mama Rifkatu, ta haɗa masa jaka: zane, silifas, buroshi, wayarsa da katin shaidarsa. Kawu ne ya ɗauke shi a mashin, domin babu wanda Baba Markus zai yarda ya hau bayansa sai shi, duk da cewa tun daga gida har titi yana cewa tuƙin Kawu na makafi ne. Wannan na gani da idona. Ni na ɗaure jakar a bayan mashin.

Abin da ya biyo baya Kawu ne ya faɗa mini. Da suka kai wajen layin dogo, inda tsofaffin taragu suke, Baba Markus ya ce a tsaya zai yi fitsari. Ya shiga bayan tarago. Kawu ya jira, ya danna ham, ya zage shi da Hausa, ya zage shi da yarenmu, shiru. Ya sauka ya duba, babu kowa sai awaki. Ya je asibiti ko ya riga shi da ƙafa, ba ya can. Ya dawo gida da jaka.

Ina roƙo ka lura da wannan wuri sosai. Da Kawu ya dawo, gaskiya ya faɗa. Ya ce wa Mama Rifkatu, "Mijinki ya ji tsoron wuƙar likita, ya gudu." Kowa ya yi dariya. Baba Markus tsohon maharbi ne, ƙato, mai muryar da ake ji daga bakin rafi. Wa zai yarda ya gudu saboda likita? Aka ce Yohanna ya fara halinsa. Har Mama Rifkatu ta ce, "To in kun gama shiriritarku ka ce masa ya dawo, miya tana sanyi."

Miya ta yi sanyi, bai dawo ba.

Na uku: iƙirarin da ke cikin fayil

Da kwanaki suka ja, aka nema a asibitoci da tashoshi da gidajen dangi na kusa, ba labari. Gidan ya cika da masu jaje. Mata zumunta suka zo da waƙoƙi, fasto ya zo ya yi addu'a, Mama Rifkatu ta daina cin abinci. Babban ɗansu Gidiyon ya iso daga Fatakwal. Shi tun yana ƙarami aka kai shi can wurin ƙanen uwarsa, Hausarsa ma sai an taimaka mata da hannu, kuma bai san komai game da wasan nan ba.

Kawu ya ga matar abokinsa tana ramewa, sai ya yi abin da al'ada ta ɗora masa. Ya shigo tsakar gida ya ce da ƙarfi, "Ku daina ɓata hawaye a kan wannan ragon. Ni na kashe shi, na binne shi a gonar citta, ko zai yi amfani sau ɗaya a rayuwarsa ya zama taki." Ina wurin. Tsofaffin mata suka fashe da dariya. Mama Rifkatu ta jefe shi da murfin kwano, ta ce, "Allah ya isa, Yohanna," tana dariya tana share ido. Ranar ta ci tuwo.

Gidiyon yana tsaye a gefe da waya a hannu, yana ɗauka a bidiyo. Bai yi dariya ba. Washegari 'yan sanda suka zo.

Jami'in da aka ba binciken baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga wata jiha mai nisa ba. Dole in yi masa adalci: bai daki Kawu ba, bai tsorata shi ba, har kujera ya ba shi. Kuskure ɗaya ya yi, kuma ba zai iya sanin cewa kuskure ne ba. Ya yi wa Kawu tambayoyi alhali dattawa biyu daga dangin Baba Markus suna zaune a kan benci a bakin ƙofa, suna jin komai. Da ya tambaye shi ko da gaske ya kashe mutumin, Kawu ya dubi dattawan nan, su ma suka dube shi, sai ya gyara zama ya ce kashe irinsu ai ba aiki ba ne. Aka ce da wane makami. Ya ce da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana cin gyaɗa. Jami'in ya rubuta, aka karanta masa, ya dangwala yatsa. Dattawan suka tafi gida suna cewa Yohanna ba shi da dama. Kawu ya miƙe zai bi su, aka ce masa ba nan ce ƙofarsa ba.

Da ya ga babu kowa daga cikinsu, ya ce wa jami'in wasa yake yi. Jami'in ya ce kowa haka yake cewa in ya kwana a bayan kanta. Dattawan sun koma sun yi bayani, aka ce musu dangin mamaci ba sa yafe kisan kai.

A makaranta an koya mana cewa kotu tana iya hukunta mutum da iƙirarinsa kaɗai, in ya yi shi da son ransa, kai tsaye, babu kwana-kwana. An kuma koya mana cewa janye iƙirari daga baya ba ya goge shi, shi ya sa hankalina ya tashi. Amma an ce alƙali nagari ba ya tsayawa nan. Yana tambaya: akwai wani abu a wajen maganar da ke nuna gaskiya ce? Abin da aka faɗa mai yiwuwa ne? Ya dace da sauran abubuwan da aka tabbatar? Mun daɗe a aji muna nazarin iƙirarin da ake samu da duka. Babu malamin da ya taɓa gaya mana abin da za a yi da iƙirarin da aka samu da cika baki.

Ina roƙo ka karanta takardar har ƙarshe, ka kai wajen gyaɗar. Kawu gajere ne, siriri, kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sama tun da ya faɗo daga bishiyar ɗorawa. Baba Markus kuwa in ya hau mashin sai tayar baya ta yi ƙara.

Na huɗu: alamun da aka tara

Babu wanda ya ga kisa, don haka sauran hujjojin duk shaidar alamu ce, wato abubuwan da ake haɗawa a ce sun nuna mai laifi. Ban raina irin wannan shaida ba. Na san an hukunta masu laifi na gaske da ita, har a inda ba a ga gawa ba. Amma ƙa'idar da na haddace, kuma na rubuta ta a jarrabawa, ita ce alamun su zama masu ƙarfi, su haɗu babu giɓi, su nuna mutum ɗaya tak, kada su bar wani bayani mai ma'ana. Bari mu duba na Kawu.

An ce shi ne na ƙarshe da aka gani da mamaci. Gaskiya ne, kuma doka ta ce wanda aka gani na ƙarshe ya yi bayani. Ya yi bayani tun ranar farko, aka yi masa dariya.

An ce an sami jakar mamaci a ɗakinsa. Gaskiya ne. Ya kai wa Mama Rifkatu, ta ce ya riƙe ya mayar wa abokin shiriritarsa. Ta faɗa wa 'yan sanda haka. Ban sani ba ko an rubuta.

An ce an ga jini a katakon bayan mashin ɗinsa. Akwai jini, na gani. Ba zan ce jinin alade ne ba, domin ba ni da ɗakin gwaji. Abin da na sani shi ne Kawu yana kai wa maƙwabta aladunsu kasuwar aladu a kan wannan katako, kuma alade in an ɗaure shi ba ya kwanciya kamar mai hankali, igiya tana yanka shi. An cire katakon an ce za a kai gwaji. Ba mu ji sakamako ba. Mashin ɗin yana harabar caji ofis, wata kaza ta mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai.

Sai gona. Tunda ya ce a gonar citta ya binne shi, aka je da shebur da diga. Manomin citta yana rufe shukarsa da ciyawa da ganye, saboda haka ga idon baƙo ko'ina kamar sabon kabari yake. Suka haƙa nan, suka haƙa can. Kawu yana tsaye da ankwa a hannu yana roƙonsu su bi a hankali, cittar ba ta ƙosa ba. An gaya mini an rubuta cewa wanda ake zargi ya nuna tashin hankali a wurin da ake haƙa. Ya nuna, ranka ya daɗe. Kowane manomi zai nuna. Abin da aka tono citta ce, da tsohon takalmin roba ƙafa ɗaya, wanda nawa ne tun ina firamare. Shi ma an tafi da shi.

Amma kafin duk wannan, abu na farko da ake tabbatarwa a shari'ar kisa shi ne wani ya mutu. A nan ne fayil ɗin yake da rauni, domin wanda ya mutun yana cin abinci sau uku a rana.

Na biyar: dawowar marigayi

Alhaji Sabi'u, wanda yake sayen citta a hannun Kawu shekara da shekaru, yana dawowa daga Abuja sai ya tsaya a Jere zai yi salla. Shi ya ba ni labari. Ya ce yana alwala sai ya ji wata murya tana ciniki a rumfar doya ta bakin titi, tana cewa doyar nan ko gwamna bai ci irinta ba. Ya ce a duniya mutum ɗaya ya sani mai wannan murya, kuma ya je jajensa. Ya idar da salla, ya je ya tsaya a kansa ya ce, "Marigayi, sannu da hutawa. Yaya mutanen can?"

Ashe daga bayan tarago Baba Markus ya bi ta kasuwa ya hau mota, ya sauka wurin wani ɗan kawunsa mai sayar da doya, ya ce masa ya zo shan iska. Wayarsa tana cikin jaka, bai san abin da ake ciki ba. Na tambaye shi me ya hana shi dawowa. Ya ce ba likita ba ne kaɗai. Ya ce in ya dawo, Yohanna zai yi ta yi masa dariya har kabari, shi ya sa yake jira maganar ta huce.

Alhaji ya sa shi a gaban mota, tsakaninsa da direba. Ya ce a hanya Baba Markus ya nemi a tsaya zai yi fitsari, shi kuma ya ce ya ji labarin wannan fitsarin, sai Kafanchan. Da suka iso, Mama Rifkatu ta yi guɗa, ta rungume shi, ta gode wa Yesu, sannan ta shiga kicin neman muciya. Sai da mata zumunta suka riƙe ta.

Muka ɗauka magana ta ƙare. Ranar da aka sake kawo Kawu gaban majistare, muka sa wa Baba Markus rigarsa ta zuwa coci muka kai shi. Na zauna da shi tun a gida na yi masa bayani: ka faɗi sunanka, ka ce kana da rai, ka zauna. Na sa ya maimaita. Ya maimaita daidai.

Abin da ban lissafa ba shi ne kotun za ta cika da mutanenmu da nasu, kuma ranar ce za su fara haɗa ido. Kawu yana cikin akwatin masu laifi, ya ɗago ya gan shi. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya ce, "Kai, ashe can ma sun ƙi ka?" Baba Markus ya miƙe, ya gyara riga, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne ya kashe ni. A rataye shi yau, ina da sauri."

Kotu ta kece da dariya. Majistare ya ɗaga takarda ya rufe fuskarsa na ɗan lokaci. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na ga magatakarda yana rubutu.

Da aka yi shiru, majistare ya yi mana bayani cikin mutunci. Ya ce shari'ar kisa ba ta cikin huruminsa. Ba zai iya yanke ta ba, ba zai iya sallama ba, ajiya kawai aka ba shi har shawararka ta fito. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce shi ba ya musun cewa ga mutum a tsaye, amma sai an tabbatar a rubuce cewa shi ne Markus ɗin da ke cikin fayil, tunda mutumin da bakinsa ya ce an kashe shi. Aka ce ya kawo katin shaida. Katin yana cikin jaka. Jakar tana cikin kayan shaida. Kayan shaida ba a sakinsu sai an gama shari'a. Aka ɗage zama.

Gidiyon, wanda yanzu ba ya iya haɗa ido da mamata, ya je ya ce ya janye ƙara. Aka gaya masa ƙarar kisa ta gwamnati ce, ba tasa ba. Wannan daidai ne a doka, ni ma na sani. Na yi masa bayani, ya ce to ni da na karanta shari'a me na yi. Mamata ma haka take tambayata kullum in ta ajiye mini abinci. Da cittar Kawu aka yi mini makaranta tun da babana ya rasu, kuma abin da na iya yi masa zuwa yanzu shi ne in bayyana wa dangi, dalla-dalla, dalilin da ya sa ba a sake shi ba.

Na shida: halin da ake ciki

Duk ranar ziyara Baba Markus ne yake kai wa Kawu tuwo da miyar karkashi. A littafin masu ziyara, inda ake rubuta dangantaka da ɗan kaso, ya so a rubuta "wanda ya kashe", na hana. Yana miƙa kwano yana cewa ya sa guba, Kawu yana karɓa yana cewa gubar mutanenku ko ɓera ba ta kashewa. Gandirobobi har matsowa suke yi su saurara. Ɗayansu ya ce mini tun da ya fara aiki bai taɓa ganin mamaci mai zumunci irin wannan ba.

Na san duk wanda ya ji labarin nan dariya yake yi, kuma ban hana ba. Amma Kawu yana da hawan jini, kuma ƙafafunsa sun fara kumbura. Takalmin da ya shiga da shi ba ya shigarsa yanzu. Cittar da ta tsira daga diga ta ƙosa, ganyenta ya bushe, Baba Markus ne yake zuwa tonowa duk da ƙabarsa, yana yi yana hutawa, yana zagin yadda aka yi shukar.

A ziyarar da ta wuce ina tare da su. Baba Markus ya miƙa kwano ya ce, "Ga abincinka, ɗan kaso, ka yi ƙiba kafin a rataye ka." Kawu ya karɓa, ya dube shi, ya ce, "Na gode, Markus." Bai ƙara komai ba. Tun da nake ban taɓa jin ya yi wa mutumin nan godiya ba. Baba Markus ya sake tsokanarsa, ya ce masa rago, ya ce masa gajere, Kawu ya yi murmushi kawai. Da muka fito, Baba Markus ya zauna a ƙasa a jikin katanga, ya cire hula. Na tsaya a kansa. Can ya ce, "Irimiya, mutumin nan ba shi da lafiya. Kai ni wurin wanda zai rubuta, zan faɗi gaskiya."

Roƙona

Ina roƙo, cikin ladabi, ka sa a ɗauki bayanin Baba Markus a rubuce, a haɗa shi da fayil. Matarsa, fastonsa, mai unguwa da Alhaji Sabi'u duk a shirye suke su shaida shi ne. In ana buƙatar ƙarin tabbaci, likitan da ya guje wa yana da katinsa, kuma ƙabar tana nan inda ya bar ta.

Ina roƙo a buɗe jakar nan a gaban wanda ya dace, a duba hoton katin, a dubi fuskar mai shi, a mayar a rufe in dokar ta ce a rufe.

Ina roƙo ka fitar da shawararka da wuri, cewa babu tuhumar da Kawu zai amsa. Kafin nan, a bar likita ya duba ƙafafunsa. Mashin da katako a sake su in an gama. Takalmin roba na yafe.

Ina kuma ba da shawara, in ƙaramin mutum yana iya ba da ita, cewa jami'in da aka kawo ƙasarmu daga nesa a zaunar da shi da dattawa su gaya masa wa ke wasa da wa. Kuma kada a riƙa yi wa mutum tambayoyi abokan wasansa suna bakin ƙofa.

Roƙo na ƙarshe ba nawa ba ne, na Baba Markus ne, kuma ya ce in ban rubuta shi ba ba zai zo ba. Ya yarda zai faɗa da bakinsa cewa Yohanna bai taɓa ɗaga masa hannu ba, cewa shi ne ya gudu don tsoro, kuma cewa a duk Kafanchan ba shi da wanda ya fi shi. Sharaɗinsa shi ne a rufe ƙofa, kada kowa daga mutanenmu ya kasance a ɗakin, kuma kada a taɓa karanta takardar a gaban Kawu. Na gaya masa wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ganin bayanan shaidu. Ya ce to a nuna masa da Turanci. Na kuma tuna masa cewa wannan wasiƙa a fili za ta fito. Ya ce babu komai, Yohanna ba ya karanta jarida, kuma in wani ya kai masa gulma zai ce ƙarya ce irin ta lauyoyi. Na sake gaya masa ni ba lauya ba ne tukuna.

Duk ranar da ka sa, zan kawo shi da kaina, tare da Alhaji Sabi'u, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba za mu tsaya a hanya ba, ko me ya ce yana ji.

Ubangiji Allah ya ba ka hikima da lafiya, ya rage maka tulin da ke kan teburinka, ya sa hannunka ya faɗa kan fayil ɗin Kawu tun yana iya takowa gida da ƙafafunsa. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya kuma ba ka aboki irin wanda zai kai maka tuwo.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Irimiya, ɗan ƙanwar wanda ake tuhuma kuma maƙwabcin marigayi,
Kafanchan.